Gasar iyo tarbiyya ce, kuma yaran Kano sun cancanci a ba su ita

Kwanakin baya, a majalisar da muke zama bayan sallar isha'i a unguwarmu, wani dattijo da nake ganin girmansa ya ba da labarin yadda ɗansa mai shekara 12 ya kawo masa takarda daga makaranta, ana neman izinin uba domin yaron ya shiga ƙungiyar masu iyo. Ya ce ya mayar da takardar ba tare da sa hannu ba, ya kuma gaya wa yaron cewa shi karatu ya tura shi, bai tura shi koyon su ba. Wani daga gefe ya karɓe zancen, ya ce: "Ai Alhaji ka yi daidai, iyo na 'ya'yan masu kuɗi ne da ba su da aiki sai wanka a otal."

Abin da ya dame ni shi ne yadda aka yi watsi da abu ɗaya da hujjoji biyu masu karo da juna, ɗaya ya ce na masunta ne, ɗaya ya ce na attajirai ne, kuma babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da yaro ke samu a cikinsa.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Iyo na gasa, wanda yaro zai fara tun yana firamare ya ɗore da shi har jami'a, yana cikin hanyoyin tarbiyya mafi ƙarfi da na sani, kuma makarantu da jami'o'in Kano suna tafka asara da suka bar shi a hannun otal-otal da kududdufai. Na yi wannan iyo a sakandare, na ci gaba da shi a jami'a, saboda haka abin da zan faɗa na gan shi a jikina da jikin abokan da muka taso tare.

Wurin da sanayya ba ta aiki

Yaron da ke tasowa a garin nan yana koyon wani darasi tun da wuri, ko da babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa: wa ka sani, wa ya san ka. Yana ganin yadda ake samun gurbin karatu da takardar wani babba, yana ganin yadda ake tsallake layi a asibiti da banki idan mai tsaron ƙofa ɗan unguwa ne. Kafin ya kai shekara 15 ya riga ya yarda a ransa cewa ƙoƙari kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Wannan yarda ita ce take kashe zuciyar samari da yawa, kuma wa'azi kaɗai ba ya cire ta, domin abin da ido ke gani kullum ya fi abin da kunne ke ji tasiri.

A bakin ruwan gasa babu wannan. Mutum takwas za su hau dandamali, kowa da layinsa, a busa musu su faɗa ruwa, kuma agogo ne zai yanke hukunci. A manyan gasanni akwai wani allo a jikin bango da ke tsayar da agogo da zarar hannu ya danna shi, yana kuma auna lokaci har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Babu alƙalin wasa da zai ba ka bugun fanareti don ya ji tsoron 'yan kallo, babu abokin wasa da zai rufa maka asiri ranar da ka yi lalaci. Abin da ka zuba a watannin atisaye shi za ka gani a rubuce.

A gasar Olamfik ta 2008 a birnin Beijin, Michael Phelps na Amurka ya doke Milorad Cavic na Sabiya a tseren mita 100 da wannan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, 50.58 da 50.59. A gasar Tokyo da aka yi a 2021 kuwa, wani matashi ɗan Tunisiya mai shekara 18, Ahmed Hafnaoui, ya shiga zagayen ƙarshe na mita 400 a matsayin na takwas cikin takwas, aka ba shi layin gefe inda ba a sa ran ganin zakara, kuma shi ya fara taɓa bango. Babu wanda ya san sunansa a wajen ƙasarsu kafin wannan rana, kuma rashin suna bai rage masa komai ba.

Ina so mai karatu ya dubi yadda safiyar atisaye take, domin a nan ne ainihin tarbiyyar take, ranar gasa girbi ce kawai. Ana idar da sallar asuba za ka kama hanya, a lokacin hunturu kuwa ruwan yana da sanyin da ke sa haƙora kaɗawa kafin jiki ya ɗumama. Koci zai tsaya a bakin ruwa da usur a wuya da agogo a hannu, ya ce mita ɗari sau goma, kowane a tashi a kan lokaci kaza. Ma'anar wannan ita ce hutunka yana cikin saurinka: in ka iso da wuri ka sami 'yan daƙiƙun numfashi, in ka yi nawa kana taɓa bango za a sake busa usur. Fuskarka tana cikin ruwa, ba ka jin muryar kowa, abin da kake gani kawai shi ne baƙin layin da aka shata a ƙasan tafkin. A wannan kaɗaici yaro ke gane cewa zai iya rage ƙarfi ba tare da koci ya lura ba, kuma ya gane cewa in ya yi hakan kansa ya cuta. Yaron da ya koyi yin aiki tsakani da Allah a inda babu mai ganinsa ya sami abin da ofisoshinmu da kasuwanninmu suke kukan rashinsa.

Shekarun da lokaci ke tsayawa

Akwai wani mataki da kusan duk mai iyo ke riska, kuma a ganina shi ne darasi mafi tsada. Yaro ɗan shekara goma yana rage lokacinsa kusan duk gasar da ya shiga, domin jikinsa yana girma, hannunsa yana ƙara tsawo. Daga baya sai abin ya tsaya. Zai yi shekara guda, wani lokaci biyu, yana tashi da asuba, yana yin duk abin da aka ce, amma agogo yana nuna masa lamba ɗaya, ƙanen da yake wucewa da tazara a da kuma ya fara taka masa dunduniya.

Da yawa a nan suke ajiyewa, kuma ba na ganin laifinsu. Amma wanda ya daure yakan koyi dubawa a inda bai taɓa dubawa ba: yadda yake juyawa a bango, yadda tafin hannunsa ke kama ruwa, sau nawa yake ɗaga kai ya shaƙi iska, ƙarfe nawa yake kwanciya, me yake ci. Yakan gane cewa ƙara ƙarfi ba kullum ne mafita ba, wani lokaci gyaran ƙaramin kuskure ne da ya shekara yana maimaitawa. Na ga abokai da wannan hali ya bi su har wurin aiki da kasuwanci, in abu ya cije ba sa saurin ɗora wa maƙiya ko sammu, sukan fara da binciken nasu aikin.

Sannan akwai shan kaye a gaban jama'a. A iyo mutum ɗaya ne ke zuwa na ɗaya, sauran bakwai kuwa za su fito daga ruwa a jiƙe, sunansu da lokacinsu a allo kowa yana karantawa. Phelps da ya tara lambobin Olamfik 28, 23 daga ciki na zinare, na biyar ya zo a gasarsa ta Olamfik ta farko a Sidni a 2000 yana ɗan shekara 15. A Landan a 2012 Chad le Clos na Afirka ta Kudu ya ƙwace masa tseren mita 200 da ya fi ƙwarewa a kai, sai da ya jira shekara huɗu kafin ya karɓo shi a Riyo. Yaron da ya saba miƙa wa wanda ya kayar da shi hannu ta saman igiyar layi, sannan gobe ya dawo atisaye, zai fi iya ɗaukar faɗuwar jarrabawar JAMB ko karyewar jari ba tare da ya yanke ƙauna ba.

Tseren ba-ni-in-ba-ka na mutum huɗu kuma yana koyar da wani abu daban. Idan ɗaya ya yi gaggawar barin dandamali kafin ɗan'uwansa ya taɓa bango, dukkan huɗun an soke su, komai gudun da suka yi. Na taɓa ganin yaron da ya jawo wa ƙungiyarsu wannan, ya zauna a gefe ya rufe kai da tawul, sauran ukun suka je suka zauna kusa da shi ba su ce masa komai ba har ya ɗago. Ban san ajin da ake koyar da irin wannan a allo ba.

"Karatunsa zai lalace"

Wannan ita ce hujjar da iyaye suka fi kawowa, kuma tana da tushe, domin mun ga yaran da ƙwallo ta raba su da aji suka tashi ba wan ba ƙanen. Amma abin da na gani a iyo akasin haka ne. Ɗalibin da ya san ƙarfe shida yana cikin ruwa ba ya iya raba dare yana latsa waya, kuma wanda ya san yammacinsa na atisaye ne yakan gama aikin gida da rana. Ƙarancin lokaci ne ke koya masa tsara lokaci. A jami'a, inda babu mai tashin ka babu mai tambayar ko ka shiga lacca, waɗanda suka fi saurin ɓacewa su ne masu yini babu abin da ya ɗaure su.

Wasu ƙasashen da suka yi nisa a wannan wasa a makaranta suka dasa shi. A Amurka jami'o'i ne ke renon masu iyo, dokar hukumar wasannin jami'o'insu ta ƙayyade atisayen dole ga awa 20 a mako a lokacin gasa, kuma ɗalibin da makinsa ya faɗi ƙasa da ƙa'ida ba ya shiga gasa. Ta wannan hanya 'yan Afirka da dama suka bi. Oussama Mellouli na Tunisiya, wanda ya ci zinaren mita 1,500 a 2008, ɗalibin Jami'ar Kudancin Kalifoniya ne. Kirsty Coventry ta Zimbabuwe ta yi karatu a Jami'ar Auburn, ta ci lambobin Olamfik bakwai, ta riƙe muƙamin ministar wasanni a ƙasarta, kuma a watan Maris na 2025 aka zaɓe ta shugabar kwamitin Olamfik na duniya, mace ta farko kuma 'yar Afirka ta farko a wannan kujera.

Wani zai ce to iyo ai ba ya kawo kuɗi kamar ƙwallo. Gaskiya ne, kuma ba zan yaudari kowane uba ba. Masu iyo da yawa suna yin tserensu na ƙarshe ne a shekarar da suka gama jami'a, su rataye tabaran ruwa su shiga neman aiki kamar kowa. A wurina wannan ma alheri ne, domin yaron ya san tun farko cewa takardar shaidarsa ce za ta ciyar da shi, ba zai jingine karatu yana mafarkin Turai ba. Kuma rabuwa da abin da ka shekara goma kana yi kullum, ka yarda cewa wannan babi ya rufe ba tare da ka ɗauka rayuwarka ta ƙare ba, shi ma abu ne da ya fi kyau mutum ya koya yana da shekara 22 da a ce sai ranar ritaya ya fara fuskantarsa.

Garin da ake sayen ruwa a jarka

Hujja mafi nauyi a kaina ita ce ta ruwa. Yaya za a yi maganar tafkin iyo a birnin da unguwanni da yawa suka dogara da 'yan garuwa, inda mace ke lissafin jarka nawa za ta isa girki da wanki? Tafkin Olamfik mai tsawon mita 50, faɗin 25 da zurfin mita biyu yana cin lita miliyan biyu da rabi. Duk wanda ya ji wannan lamba ya ɓata rai yana da gaskiyarsa, kuma ni ma ina cewa ruwan sha ne a gaba.

Sai dai makaranta ba ta buƙatar irin wannan. Tafki mai mita 25 da layi shida, wanda bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wancan ba, ya isa a koyar a kuma yi gasa. Ruwan tafki kuma ba kullum ake zubar da shi ba, tace shi ake yi ana sa masa magani yana zagayawa, abin da ake ƙarawa shi ne wanda rana ta ƙafar. Babban kuɗin yana wajen wutar injin tacewa da magani da albashin mai kula, kuma a nan ne ayyuka irin wannan suka saba mutuwa a ƙasar nan, a gina da biki a bar shi ya koma gidan kwaɗi. Duk gwamnati ko attajirin da ba zai ware kuɗin kulawa na shekara-shekara ba, gara kada ya fara.

Ya kamata kuma mu tuna cewa yaranmu suna shiga ruwa ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Duk wanda ya taso a cikin birni ya san yadda yara ke silalewa zuwa kududdufi in zafin Afrilu ya tsananta ko damina ta cika ramuka, su dawo da tsargiya, wani kuma a dawo da gawarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, yara da matasa na da kaso mai yawa a ciki, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli domin tunatarwa a kan haka. A ƙarshen Nuwambar 2021 jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Lodin da ya wuce kima da rashin rigar kariya su ne tushen irin wannan musiba, iya iyo ba ya magance su. Amma jihar da ke da Tiga da Challawa da Watari da Bagauda ba ta da uzurin barin 'ya'yanta su girma ba su san yadda za su riƙe kansu a saman ruwa ba. Hausawa da kansu suka ce iya ruwa fid da kai.

Masu cewa abin baƙo ne a wurinmu kuwa, su leƙa Argungu su ga kabanci a kogin Matan Fada, inda ake tseren iyo da na kwalekwale da kamun agwagwar ruwa. Malamanmu kuma sun daɗe suna kawo maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar, cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Mun riƙe dokin da kyau, duk hawan sallah shaida ne.

Rashin kayan aiki ma ba ya hana farawa. Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini ya je Sidni a 2000 bai taɓa ganin tafki mai mita 50 ba, a ƙaramin tafkin otal ya koya. Abokan tserensa biyu, ɗaya ɗan Nijar ɗaya ɗan Tajikistan, an fitar da su saboda sun riga busa tashi, ya yi mita 100 shi kaɗai cikin minti 1 da daƙiƙa 52.72, fiye da ninki biyu na lokacin wanda ya ci zinare. Ya ci gaba da atisaye bayan haka, kuma a 2012 ya zama kocin ƙasarsa.

'Ya'ya mata da amanar yara

Maganar sutura da cakuɗuwa ba abin wasa ba ce a Kano, kuma duk shirin da ya raina ta ba zai kai ko'ina ba. Maganinta kuwa sananne ne: tafki mai katanga, ranaku ko sa'o'i na mata zalla, masu horarwa da masu ceto mata, da kayan iyo masu rufe jiki waɗanda yanzu ake samu a kasuwa. Makarantun kwana na 'yan mata da muke da su sun fi ko'ina dacewa da wannan. Mata ne suke zuwa bakin rafi wanki da ɗibar ruwa a karkara, su ne suke cika jiragen biki, saboda haka ware su daga koyon iyo zalunci ne da ake yi da sunan kariya.

Akwai kuma haɗarin da ke cikin wasan kansa, wanda bai kamata masu sonsa su ɓoye ba. Agogon da ke koyar da gaskiya yana iya zama azaba idan uba ko koci ya sa yaro ya ɗauka darajarsa tana cikin lambar da ta fito a allo. Phelps da kansa ya fito ya bayyana irin baƙin cikin da ya yi fama da shi bayan gasar 2012, duk da zinaren da ya tara. A ƙasashe da dama kuma an kama masu horarwa da cin amanar yaran da aka damƙa musu. Don haka dole ƙofar wurin atisaye ta kasance a buɗe ga iyaye, kada a bar babba shi kaɗai da yaro, kuma yaron da ya ce ya gaji a saurare shi.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinmu ba. Ma'aikatar ilimi ta jiha ta haɗa makarantun da ke kusa da juna su yi tarayya a tafki ɗaya, a fara da koya wa 'yan aji huɗu na firamare yadda za su yi yawo a saman ruwa su kai gaɓa, waɗanda suka nuna sha'awa a wuce da su ƙungiya. A riƙa gasar makarantu sau ɗaya a zango, a rubuta lokacin kowane yaro a ajiye, domin ya ga inda yake bara da inda yake bana. Jami'o'in da ke cikin birnin nan su ɗauki iyo da muhimmancin da zai sa ɗalibansu su tsaya da ƙafarsu a gasar wasannin jami'o'in Nijeriya, wato NUGA, su kuma buɗe wa makarantun gwamnati da ke maƙwabtaka da su ƙofa a ƙarshen mako. Otal-otal da makarantun kuɗi masu tafki kuwa, sa'o'in safiya da ruwansu ke zaune babu kowa za su iya ba da su a farashi mai sauƙi, hukumar wasanni ta jiha ta ɗauki nauyin koci da mai ceto.